Shekarar da Abba Ya Kawo Kwaɗi

Gishiri idan yana zuba cikin ruwa yana da ƙara, sai dai ba kowa ne ke tsayawa ya saurara ba. Wani ɗan shuu ne siriri, kamar an ja mayafi a kan tabarma. Sau uku na ji shi a jere wata safiya, ina 'yar shekara goma sha biyar, a falon gidanmu da ke hawa na biyu a bayan masallacin Ƙiblatain, Abba kuma yana ƙasa cikin mota yana jirana.

Ramla, ke nake rubuta wa wannan. Yanzu kina kwance a gefena, ba ki san komai ba sai nono da barci. Amma wata rana za ki ji ana ba da labarin kwaɗin kakanki ana dariya, ana cewa ƙanwata, Anti Hanan ɗinki, ita ce ta kashe su da rawar kai. Ba ita ba ce. Gara ki ji daga wurina.

Kakanki, wanda muke kira Abba, ɗan wani ƙauye ne a gefen Daura. Ya zo Madina koyar da ilimin halittu a jami'a tun kafin a haife ni, kuma a nan aka haife mu mu biyu, ni da Hanan, shekara huɗu a tsakaninmu. Mutum ne mai sanyin murya, mai son raha, wanda idan yana dariya sai ya cire tabarau ya share ido. Sai dai dariyar nan ba da ni ake yin ta ba. Ni 'yar fari ce, kuma a inda ya fito uba yana jin kunyar ɗansa na fari: ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa baki da baki. Ban taɓa jin "Safiyya" daga bakin Abba ba. Idan yana nemana sai ya tambayi Umma, "Ina yarinyar nan?" Idan kuwa mun haɗu a falo sai ya dubi gefe ya ce, "An dawo?" kamar wata baƙuwa ce ta sauka. Hanan kuwa tana da suna kusan goma a bakinsa: Hananu, Auta, Gwaggo Mai Surutu. A ƙofar makarantarmu nakan ga iyayen ƙawayena Larabawa suna ƙwala kiran 'ya'yansu daga cikin mota, "Ya habibti, yalla!" har wani ya fito ya sumbaci goshin 'yarsa a bainar jama'a. Ni kuwa Abba zai tsayar da mota, ya miƙa hannu ya buɗe mini ƙofar baya, ya ci gaba da kallon titi.

Na taɓa kai ƙara wurin Umma tana yanka albasa.

"Kunya ce," in ji ta. "A ƙauyensu, da ko ɗaukarki ba zai yi ba idan da mutane."

"To ai nan ba ƙauyensu ba ne, Umma."

"Ke kika san haka. Shi ƙauyen a jikinsa yake, da shi ya hau jirgi."

Kaina ya fahimta. Zuciyata ba ta taɓa yarda ba.

A farkon zafin shekarar da nake goma sha biyar ɗin ne kwaɗin suka zo. Wani abokin aikin Abba ɗan Indonesiya ya gama zamansa zai koma gida, ya bar kwaɗi biyar da ya yi bincike a kansu. An ce a kashe su tunda aiki ya ƙare. Abba ya ce shi dai ya san an hana kashe kwaɗo, ba kuma zai tsaya a yi a gabansa ba, sai ya sa su a mota, ya biya ya ɗauko Hanan daga makarantar hadda. Ina zaune ina karatu ta faɗo falo tana haki, rungume da wani ɗan akwati baƙi. Ta ce Abba ya ba ta, kuma kada in taɓa. Kafin in ce wani abu ta sake sauka da gudu. Can sai ga Abba da mai gadin gida suna hawowa da akwatin gilashi, irin wanda ake kiwon kifi a ciki.

Umma ta fito daga kicin, ta leƙa, ta ja da baya.

"Malam! A rasa abin da za a kawo mini a garin Manzo sai kwaɗo? Maza na shigowa da dabinon ajwa, kai ka shigo da kwaɗi?"

"Baƙi ne, Hajiya. Daga gabas mai nisa suka zo, kamar alhazai."

"To alhazan nan su nemi masauki. Ba dai a bahon wankina za su yi alwala ba."

Ba su da wani kyau. Launinsu launin laka, da ɗigo-ɗigo a baya, babbansu bai fi tafin hannuna ba. Amma Abba ya durƙusa a gaban gilashin yana kallonsu kamar wanda aka nuna wa zinariya. Ya ce waɗannan ba irin kwaɗin kududdufin garinsu ba ne. A bakin teku suke zama, inda kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri, cikin laka a gindin itatuwa, har ƙananan ƙaguwa suke kamawa su ci. Kwaɗo ba da baki yake shan ruwa ba, in ji shi, da fata yake sha, shi kuwa gishiri janye ruwa yake yi daga jiki. Kwaɗon Daura idan ka jefa shi a teku, kafin la'asar ya zama kilishi. Waɗannan Allah ya ba su dabara: suna tara wani sinadari a jininsu, irin wanda mu muke zubarwa a fitsari, har jinin ya yi kauri daidai da ruwan da suke ciki. Sai dai tarawar tana cin kwanaki. Idan ana ƙara musu gishiri kaɗan-kaɗan, za su iya zama a ruwan da ya kusa na teku. Idan aka yi musu lokaci ɗaya, jikinsu ba zai cim masa ba.

Duk wannan ga Hanan yake faɗa. Ni ina bayan kujera, littafi a buɗe a hannuna, ban juya shafi ko ɗaya ba.

Abin da ke cikin ɗan akwatin baƙi ma'aunin gishiri ne. Ɗan bututu ne mai gilashi a baki. Ana ɗiga masa ruwa ɗigo ɗaya, a rufe murfin, a ɗaga shi wajen taga a leƙa da ido ɗaya. Ruwan sha yana nuna kusan sifili, tekun Yanbu kusan arba'in, su kuwa kwaɗinmu Abba ya ce a riƙe musu tsakanin takwas da goma, yadda suka saba. Akwai dokoki. Ruwan famfo sai ya kwana a bokiti, maganin da ake sa masa ya fita. Gishirinsu na musamman ne, na teku, daga shagon masu kifin ado, ba na girki ba. Rabin akwatin gilashin ruwa ne, rabi duwatsu da yashi, don su samu wurin hawa. Kuma saboda iskar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, tana busar da komai, kullum ruwan yana raguwa, to ba a cika shi da ruwan gishiri, sai da ruwa zalla.

"Me ya sa, Auta?"

"Saboda ruwa ne ke tashi, gishiri ba ya tashi!"

"Madalla da likitar kwaɗi."

Kullum bayan la'asar haka ake yi. Abba ya dawo daga masallaci, ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa, Hanan ta ɗiga, ta leƙa, ta ƙwala, "Tis'a, Abba!" Ya ce, "Da Hausa." Ta ce, "Tara!" Ya tafa mata kamar ta ci gasar hadda. Sannan su jefa musu gyare ɗaya-ɗaya suna musun wanda zai fara cafkewa. Idan magariba ta kawo jiki, ɗaya daga cikin mazan yakan fara kuka, wani irin ƙara-ƙara mai kaushi kamar ana goga tsinke a bakin ƙwarya. Abba sai ya rufe ido ya ce damina ta sauka a hawa na biyu. Ni ban taɓa ganin daminar da yake nufi ba, amma ina jin kukan nan daga ɗakina, kuma ina son sa fiye da yadda zan iya faɗa. Ni ce fa mai tsayawa a taga ina kallon tattabaru har shayi ya huce. Ni ce mai rubuta waƙa a bayan littafin lissafi. Hanan kuwa ko tsuntsu ya sauka a kanta ba za ta lura ba sai ya yi kashi. Ta yaya aka yi ita aka ba?

Wata rana da ba kowa, na buɗe ɗan akwatin baƙin na leƙa ma'aunin a ɓoye. A ciki akwai shuɗi a sama, fari a ƙasa, da layi siriri a tsakani, kamar ana hango bakin teku daga nesa ta cikin ramin allura. Na daɗe ina kallo. Na goge shi da gefen mayafina na mayar, na gyara shi yadda na same shi, kamar ɓarauniya a gidan ubana.

Sau ɗaya Abba ya yi magana da ta yi kama da gayyata. Ina wucewa da faranti, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Hasken yau mai kyau ne, idan akwai mai son leƙawa." Da na ajiye farantin nan na durƙusa, da wataƙila babu abin da zan rubuta miki yau. Amma na ga Hanan ta riƙe ma'aunin gam a ƙirji tana hararata, sai na ji ba zan roƙi aron abin ƙanwata ba. Na ce, da Larabci ma, don ya fi ciwo, ni ƙyamar su nake yi. Abba ya ce, "To." Bai sake ba.

Daga nan komai ya zama ƙaya. Hanan ta raɗa wa kwaɗin sunaye, babbar macen da ke zama a lungu ita kaɗai ta sa mata Yaya, wai don ba ta kula kowa. Abba ya yi dariya har ya cire tabarau. Tun daga ranar, kullum sai na ji muryarsa a falo, a tausashe: "Yaya ta ci abinci yau? Me ke damun Yaya ta yi shiru?" Ki duba fa, Ramla. Ina da shekara goma sha biyar, ina cin na ɗaya a aji, ina zaune a bayan ƙofa ina kishi da kwaɗo. A ƙarshen shekarar karatu waƙata ta ci kyauta a makaranta, aka ba ni takardar yabo. Na ajiye ta a kan teburin cin abinci inda dole ya gani. Ya ɗauka, ya karanta har ƙasa, ya ce wa Umma, "Allah ya yi albarka." Bai rufe baki ba Hanan ta ƙwala daga falo, "Takwas da rabi!" Ya tashi ya tafi yana cewa, "Har da rabi? Kai, likita ta ƙware!"

A tsakiyar hutun zafi wani abokin Abba ya gayyace mu gonarsa ta dabino a Badar, mu kwana biyu, lokacin da ɗanyen dabino ya nuna. Da safen tafiya Hanan ta cika ruwa, ta auna a gaban Abba, tara cif. Ya bar mukayyif a kunne saboda su. Muka sauka, muka shiga mota, sai na ce na manta littafina. Na hau ni kaɗai.

Ba zan ce miki shaiɗan ne ba, domin tun kwana uku nake saƙa abin. Ban yi niyyar kisa ba. So nake mu dawo Hanan ta leƙa ta ga ashirin, muryarta ta sarƙe, Abba ya ce, "Haba Auta, kin yi sakaci," sau ɗaya tak in ji an rage mata. Ban san yawan gishirin da ke kai ruwa ashirin ba, domin ban taɓa tambaya ba. Na shiga kicin na ɗauko robar gishirin Umma da kofin auna shinkafa. Na zuba ɗaya, na ga ruwan bai canza kama ba. Na ƙara. Na sake ƙarawa. Kwaɗin suka yi tsalle suka hau duwatsu, ban da Yaya da ta tsaya a lungunta tana kallona da idanun nan masu ruwan zinariya. Na mayar da robar, na ɗauki littafi, na sauka.

"Sai ka ce littafin a Makka yake," in ji Umma.

A Badar kowa ya sake. Umma ta samu matar mai gona suna ta hira a inuwa. Hanan, wadda ta taho da ma'auninta, tana bin Abba daga rijiya zuwa rijiya suna auna ruwan zartsin da ake ba dabino. Aka kawo ɗanyen dabino mai sanyi a tire, na ɗauki ɗaya na mayar ban ci ba. Washegari da hantsi na samu Hanan tana wanke ƙafa a bakin kwata, na tambaye ta kamar ba komai.

"Wai idan gishirin ya kai ashirin, me zai same su?"

"A hankali? Ba komai. Har talatin ma suna iyawa."

"Idan lokaci ɗaya ne fa?"

"Abba ya ce mutuwa." Ta ɗago ta dube ni. "Ke da kike ƙyamarsu, ina ruwanki?"

Tsakanin Badar da Madina tafiyar awa biyu ce. Na san idan na faɗa, Abba zai tashi ko takalmi bai gama sawa ba. Na same shi shi kaɗai a gindin wani dabino yana duba wani ƙwaro a tafin hannunsa. Na tsaya a gabansa. Ban taɓa tsayawa kusa da shi haka mu biyu ba, har ina jin ƙamshin turarensa. Ya gyara zama, ya sunkuyar da kai.

"Ana son wani abu ne?"

Maganar tana bakina. Amma sai na hango yadda za ta kasance: kalma mafi tsawo da zan taɓa faɗa wa ubana ita ce na zuba wa kwaɗinsa gishiri don baƙin ciki. Na ce, "A'a, Abba." Na koma wurin mata. Muka ƙara kwana.

Da muka dawo, tun daga ƙofa na san an gama. Akwai wani ɗan wari a ƙarƙashin sanyin ɗakin. Biyu suna kan duwatsu sun ƙanƙance, fatarsu ta manne da ƙashi, sun gudu daga ruwan, iska ta busar da su. Biyu suna cikin ruwa a miƙe, Yaya tana cikinsu. Ƙaramin cikinsu ne kaɗai ya tona yashi ya shige, maƙogwaronsa yana motsi da ƙyar. Abba ya durƙusa a gaban gilashin. Ya miƙa hannu, Hanan ta ba shi ma'aunin, ya ɗiga da kansa, ya leƙa, ya daɗe.

"Nawa ne, Abba?"

"Ya wuce teku."

Sai ga muryar Umma daga kicin, ita da ba ta san abin da ake ciki ba: "Wai wa ya kwashe mini gishiri? Ranar Talata fa na cika robar nan, ga kofin shinkafa ma a ci..." Ta fito da robar a hannu, ta ga akwatin, ta ga fuskokinmu, maganar ta mutu a bakinta.

Kowa a falon nan ya san wanda ya koma sama neman littafi. Na tsaya a jikin bango cike da tsoro, kuma zan faɗa miki abin kunya: a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan ɗoki. Na ce yau dai zai juyo. Yau zai ce, "Safiyya, me kika yi?" Ko da tsawa ne, ko da mari, zan ji shi a bakinsa.

"Ni ce," in ji Hanan.

Abba ya dube ta.

"Ni na ƙara. Na ɗauka ya ragu ne."

"A gabana kika auna tara, Auta."

"Na koma na ƙara! Wallahi ni ce, Abba, ni ce na jawo!" Ta fashe da wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba, har tana shiɗewa.

Abba ya ɗago kai. Idonsa ya zo kusa da inda nake, ya tsaya a kan makunnin fitila da ke gefen kafaɗata, ya koma. Ya ce, "To. Hajiya, a ba ni tsumma mai tsabta da faranti mai zurfi." Ya haɗa ruwa mai ɗan gishiri kaɗan, iya cikin ƙaramin kwaɗon, ya kwantar da shi a ciki. Sauran huɗun ya naɗe su a tsumma, ya sauka da su filin da ke bayan gida. Ta taga na gan shi a durƙushe cikin rana yana tona ƙasa da cokalin magini, leɓensa yana motsi. Mutumin da ya ɗauko su don kada a kashe su, a falonsa aka kashe su.

Ba wanda ya sake ta da maganar da ni. Da baƙi suka tambayi ina kwaɗin Dakta, Umma ta ce Hanan ce ta yi musu miya, aka yi dariya, labarin ya zauna a haka. Ƙaramin ya rayu, ya yi sama da shekara, amma shi kaɗai bai taɓa kuka ba. Abba ne ke kula da shi da kansa, da sassafe, ba tafi, ba "likita". Na samu abin da na nema: an daina kiran lamba bayan la'asar. Falon ya zama na kowa daidai, shiru a ko'ina. Ni kuwa na ɗauka Hanan ta rufa mini asiri ne don kirki, sai na ƙara jin haushinta, domin ko a laifina ma ita ce ta fito da farar fuska.

Shekara tara bayan haka Abba ya kwanta ciwo. Na yi jinyarsa tare da Umma. Sau da yawa ina gyara masa matashi sai in ce yau zan faɗa, shi kuma ya buɗe ido ya ce, "An ci abinci kuwa?" in ce an ci. Ya rasu wata Laraba bayan azahar, aka yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Mutane suna ta cewa ya dace, kuma ya dace ɗin.

Watan jiya, ranar sunanki, Hanan ta zo daga Jidda inda take aikin harhaɗa magunguna. Da la'asar, bayan mata sun ragu, ta ɗauke ki ta zauna a bakin gado. Ta ji ina ta kiranki, Ramla kaza, Ramla kaza, sai ta yi murmushi.

"'Yar fari guda, kina kiran sunanta gatsal? Da Abba na nan da ya fita daga ɗakin."

"Da ya fita," na ce. Sai kawai na ji bakina ya ci gaba. "Hanan, ni na zuba gishirin nan."

"Haba Yaya, wa bai sani ba? Har mai gadi ya sani."

"To me ya sa kika ce ke ce?"

Ta daɗe tana gyara miki hula da ba ta karkace ba.

"Saboda ni ce," ta ce. "Ma'aunin nan ba ni aka ba ba."

Ban gane ba, sai da ta maimaita. Ranar da aka kawo kwaɗin, da suka tsaya a ƙofar gida, Abba ya ciro ɗan akwatin daga aljihun mota ya sa mata a hannu. Ya ce, "Hau ki kai wa yayarki. Ki ce nata ne, ita za ta riƙa auna musu. Ita ce mai tsayawa ta kalli abu har ta gan shi." Hanan ta hau, ta nuna mini, ta sauka ta ce masa na ce ba na so.

"Me ya ce?"

"Ya dubi ɗan akwatin. Can ya ce, 'To, riƙe.'" Hawaye suna sauka a kan zanen goyonki. "Ke ba ki gani ba ne, Yaya. Idan kika shigo falo gyara zama yake yi. Ni abin wasansa ce, ke ce yake gani mutum. Na ce ko abu ɗaya ne in riƙe wanda aka ce sai mai hankali."

Na tambaye ta ko ta taɓa gaya masa, ko da a asibiti ne, ko da sau ɗaya. Ta girgiza kai.

Ke nan kakanki ya kwanta a Baƙi'a yana ɗauka cewa sau ɗaya a rayuwarsa ya aiko wa 'yarsa ta fari da kyauta, ta mayar masa, sannan ta bi ta zuba mata gishiri.